Kakan Gida a Ƙasar Sara: Tarihin da Aka Ajiye a Rumbu

A gidajen manoma na ƙasar Sara da Gwaram da Birnin Kudu, idan aka ambaci kakan da ya rasu, yabon da ke biyo baya kusan iri ɗaya ne: ba a taɓa kwana da yunwa a gidansa ba, ba ya sayar da hatsi da kaka, baƙo ba ya wuce ƙofarsa. Jikoki kan ɗauki wannan a matsayin bayanin halin mutum ɗaya. Amma kowace jimla a ciki tana da tarihi, domin tana nuni ga wani nauyi da zamani ya ɗora wa maigida.

Dattijon da aka haifa wajen 1930 ya buɗe ido a ƙarƙashin En'e ta Kano, domin a lokacin Gwaram da Birnin Kudu gundumomi ne na masarautar Kano. Iyayensa sun ga yunwar Kakalaba ta 1913 zuwa 1914, kuma da labarinta suka rene shi. Sun kuma ga yadda isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta mayar da gyaɗa hajar da Turawa ke nema. Manomi ya rungumi gyaɗa ne musamman saboda haraji, wanda ake biya da tsabar kuɗi ta hannun mai unguwa da dagaci da hakimi har ya isa baitulmali. Ana karɓarsa bayan girbi, lokacin da amfanin gona ya fi araha. Wanda ba shi da gyaɗar sayarwa dole ya taɓa gero da dawa, sannan ya sayo su da tsada idan damina ta yi nisa. Maigidan da aka shaida ba ya sayar da hatsi da kaka, mutum ne da ya iya wannan lissafi shekara bayan shekara.

Abin da ya ba shi ikon yin haka shi ne gandu. A wannan tsari 'ya'ya maza, har da masu aure, suna noma gonar uba tun safe zuwa azahar, sannan kowa ya wuce gayaunarsa. Shi kuma uba yana ciyar da gida, ya biya wa kowa haraji, ya tanadi fartanya da garma, ya ɗauki nauyin auren fari. Masaniyar nan 'yar Ingila, Polly Hill, ta bayyana wannan tsari dalla-dalla a littafinta na 1972 kan Batagarawa ta ƙasar Katsina, inda ta nuna cewa yarjejeniya ce mai haƙƙi a ɓangarori biyu, ɗa yana iya ficewa idan uba ya gaza. Ke nan girman da ake ba dattijo a zaure ya dogara ga abin da ke cikin rumbunsa da kuma adalcinsa wajen rabo.

Kuɗin gyaɗar ba duka ya dawo ƙauye ba. Daga 1949 hukumar cinikin gyaɗa ce ke yanke farashi, ta saya ta hannun 'yan kasuwa masu lasisi, ta riƙe rarar da ke tsakanin farashin gida da na kasuwar duniya. Daga 1954 wannan rara ta koma hannun gwamnatin Jihar Arewa, wadda ta yi ayyukan raya ƙasa da ita. Dalar gyaɗa da ake alfahari da hotonta a Kano gumin irin waɗannan dattawa ce, ko da yake ba a rubuta sunan ko ɗaya daga cikinsu a jikin buhu ba.

Jarrabawa mafi tsanani ta zo da farin 1972 zuwa 1974, wanda ya rutsa da yankin Sahel baki ɗaya. Kafin a farfaɗo, cutar da kwarin darɓa ke yaɗawa ta cinye gyaɗar 1975, cinikin fitar da ita waje bai sake komawa yadda yake ba. A daidai lokacin kuɗin man fetur ya ja samari zuwa Kano da Kaduna da Legas, shirin ilimin firamare kyauta na 1976 kuma ya kai yara aji a sa'o'in da a da suke gona. A 1979 gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa sun yi murna, kuma da hujja, sai dai ɗaya daga cikin igiyoyin da ke ɗaure ɗa da gandun ubansa ta tsinke. A 1986 aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, manomi ya fuskanci kasuwa shi kaɗai. Lokacin da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, dattijon ya riga ya zauna ƙarƙashin Lardin Kano da Jihar Kano ba tare da ya bar gonarsa ba.

Ƙaunar da jikoki ke yi masa tana da wani tushe a al'ada. Tsakanin uba da ɗa akwai kunya, musamman ɗan fari, amma tsakanin kaka da jika akwai wasa da sakewa. Shi ya sa labarin fari da na cin rani da na iyakar gona ya fi saurin isa kunnen jika fiye da na ɗa. Jikokin nan su ne yau ma'aikata a Dutse da Kano da Abuja, kuma da yawansu kuɗin makarantarsu daga buhun da aka kai kasuwar Sara ya fito.

Abin da ke hannunsu yana iya salwanta cikin ƙarni guda. Gonar gandu tana raguwa duk lokacin da aka raba gado, kuma mafi yawan iyakoki ba a rubuce suke ba, sai shaidar dattawa da wata tsamiya ko kuka da aka sani. Idan masu shaidar suka ƙare, rigimar takan ƙare a gaban alƙali. Iyalin da ke son kiyaye tarihin kakansu suna da abin kamawa: tsofaffin takardun haraji da ke cikin adaka, sunayen gonaki da yadda aka same su, da shekarun da tsofaffin mata ke ƙirgawa da fari ko canjin kuɗi na 1973. Kowace wayar hannu tana ɗaukar murya, kuma tsofaffin da suka yi noma tare da shi ba su da yawa yanzu.