Rawaninmu A Idon Turawa: Jiya Girmamawa, Yau Zargi

  

Ya 'yan'uwana matasa, duk wanda ya tashi a Mandawari ya san idan dattijo ya naɗa rawani ya ja amawali ya rufe bakinsa, rusunawa ake yi a gaishe shi. Amma ɗan'uwanmu mai irin wannan shiga, ko 'yar'uwarmu mai hijabi, kallon tuhuma suke sha a wasu filayen jiragen saman Turai da Amurka. Me ya canza?

Unguwar tamu kanta tarihin baƙi ce. A zamanin Sarki Yaji (1349-1385) Wangarawa suka iso Kano daga Mali ƙarƙashin Abdurrahman Zaite, kuma ana danganta sunan Mandawari da limaminsu, Mandawali. Kano ta karɓe su, suka saka mata da ilimi.

Haka ta karɓi Bature lokacin da shi ma baƙo ne. A 1851 Bajamushe Heinrich Barth ya shigo birnin nan da sunan Abdulkarim, ya kuma yaba da saƙa da rinin Kanawa, waɗanda tufafinsu ke kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, sai kallon ya rabu biyu. A 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka yi bore da sunan Mahadiyanci, suka kashe Turawa uku. Aka mayar da martani da rushe garin da kashe kimanin mutum 2,000. Daga nan malamai matafiya da masu bin hanyar Sudan zuwa Makka suka shiga cikin waɗanda ake sa wa ido. Amma rawanin da ke tare da mulkinsu abin sha'awa ne: an yi wa Yariman Ingila hawan daba a Kano a 1925, sannan a 1934 Sarkin Musulmi Hassan da Sarkin Gwandu Usman da Sarkin Kano Abdullahi Bayero suka ziyarci Landan cikin rawunansu, aka karrama su. Ashe ba tufa ake duba ba. Tsoro da maslaha su ke yanke hukunci.

Harin 11 ga Satumba 2001 ya farfaɗo da wannan tsohon tsoro. Faransa ta hana ɗalibai sa ɗankwali a makarantun gwamnati a 2004, ta kuma kafa dokar hana rufe fuska a bainar jama'a a 2010. Sai dai mu faɗi gaskiya ko da a kanmu ce: a Disambar 2009 ɗan ƙasarmu Umar Faruk Abdulmutallab ya yi yunƙurin tarwatsa jirgin sama mai zuwa Detroit, Amurka ta sa Nijeriya cikin ƙasashe 14 da ta tsananta binciken matafiyansu a farkon 2010. Bera ɗaya ya ja wa dangi zagi.

Abin da mai zargi kan manta shi ne mu ma wutar ta ƙone mu. Ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka kai hari Babban Masallacin Juma'a na Kano, nan kusa da mu, aka kashe masallata sama da 100, mafi yawansu sanye da irin tufafin da ake tuhuma.

Saboda haka, ya kai mai shirin fita karatu ko neman halali, kada ka tuɓe kamanninka don jin kunya, kada kuma ka rama zargi da ƙiyayya. Ka tuna sahabban da suka yi hijira zuwa Habasha: gaskiya da kyakkyawan bayani suka sa Najjashi ya ƙi miƙa su ga Ƙuraishawa. Ka zama baƙo irin Mandawali, wanda bayan shekara 600 ba a daina ambaton sunansa ba.

Allah Ya sa mu dace.