Tantance ɗan tayi kafin dasa shi a mahaifa

Tantance ɗan tayi gwaji ne da ake yi bayan an haɗa ƙwan mace da maniyyin mijinta a ɗakin gwaji. Idan tayin ya kwana 5, sai a ɗebi 'yan ƙwayoyin halittarsa a duba cutar gado, sannan a dasa lafiyayyen a mahaifa. An fara samun haihuwa ta wannan hanya a asibitin Hammersmith na Landan a 1990. A Abuja, inda aka haifi jaririyar kwalba a asibitin Nisa a 1998 ƙarƙashin Dokta Ibrahim Wada, amosanin jini, wato sikila, ne ya ba gwajin muhimmanci, domin Najeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan haihuwar masu sikila. Ma'aurata masu AS su biyu, kowane cikinsu na da hatsarin 1 cikin 4 na zuwa da SS, wato mai sikila.

Wasu na ganin wannan shisshigi ne ga ƙaddara. Sai dai neman magani ba ja da ƙaddara ba ne, kuma malamai da dama sun halatta dashen matuƙar ƙwai da maniyyi na ma'auratan ne. Ƙorafin da ya fi ƙarfi shi ne tsada, ga shi sakamakon kan yi kuskure jefi-jefi. Ga talaka, gwajin jini kafin aure ya fi sauƙi nesa ba kusa ba.