Turbar Tarka: Daga Layin Dogo Zuwa Hanyar Keke

A gundumar Devon, kudu maso yammacin Ingila, akwai turbar keke mai suna Tarka, wadda aka hana motoci bi, wani sashenta yana bin gaɓar kogin Taw daga Barnstaple zuwa Braunton. Asalin wannan sashe layin dogo ne da aka buɗe a 1874, aka rufe a 1970, daga bisani aka kwashe ƙarafunan aka shimfiɗa kwalta, abin da ya sa wannan yankin ba shi da hawa mai gajiyarwa. Fadamar Braunton da ke kusa da turbar kuwa, wato ƙasar da ruwan teku yake malalewa a da, an tare ta ne da ganuwar ƙasa a farkon ƙarni na 19 domin kiwon shanu, kuma har yau shanu na kiwo a can, tsuntsayen ruwa na kalaci a magudananta.