Mutum-Kerkeci a Sinima: Daga 1941 Zuwa 2010

Labarin mutumin da ke rikiɗa ya zama dabba ba baƙo ba ne ga Bahaushe, domin mun tashi muna jin zancen masu komawa kura cikin dare. A ƙasashen Turai kuwa kerkeci ne ya samu wannan matsayi, kuma sinima ce ta ba tatsuniyar siffar da duniya ta sani a yau. Wannan maƙala za ta dubi fim ɗin The Wolf Man na 1941 da sabon zubin da aka yi masa a 2010, domin a ga abin da ya salwanta a tsakaninsu.

Kamfanin Universal na Amurka ne ya fitar da fim na farko a watan Disamba na 1941, 'yan kwanaki bayan harin da Japan ta kai Pearl Harbor. George Waggner ne ya ba da umarni, Curt Siodmak kuma ya rubuta labarin. Shi Siodmak Bayahude ne haifaffen Dresden, wanda ya bar Jamus a 1933 da Hitler ya hau mulki, ya zauna a Ingila, sannan ya isa Amurka a 1937. Ya taɓa bayyana cewa ƙaddarar mutum-kerkeci tasa ce, wato ta wanda aka ɗora wa abin da bai zaɓa ba.

Labarin ya nuna haka ƙarara. Larry Talbot, wanda Lon Chaney ƙarami ya fito a matsayinsa, ya koma gidan mahaifinsa a Wales bayan rasuwar ɗan'uwansa. Wani dare ya yi ƙoƙarin ceton wata yarinya daga bakin kerkeci, ya kashe dabbar da sandarsa mai kan azurfa, amma kafin nan ta cije shi. Ashe kerkecin mutum ne, kuma la'anar ta koma kan Larry. Alherinsa ne ya jawo masa bala'i. Ya faɗa wa mahaifinsa, Sir John, gaskiya, amma dattijon, da yake mutum ne mai bin hankali da kimiyya, ya ɗauka taɓin ƙwaƙwalwa ne. A ƙarshe uban ya yi wa kerkeci dukan mutuwa da waccan sanda, sai ga gawar ɗansa a gabansa. Babu mugu a cikin labarin nan, shi ya sa yake da ciwo.

Bayan shekara 69 Universal ta sake waiwayar labarin. Aikin ya gamu da cikas tun farko, domin Mark Romanek ya janye a 2008, aka miƙa wa Joe Johnston ragamar ana saura makonni kaɗan a fara ɗauka. An ɗage ranar fitarwa sau da dama kafin fim ɗin ya fito a Fabrairun 2010, da Benicio del Toro da Anthony Hopkins da Emily Blunt. An mayar da labarin Ingila ta 1891, aka ƙara jini da gidan mahaukata a Landan. Ta fuskar ado aikin ya yi kyau, har Rick Baker da Dave Elsey suka samu lambar Oscar ta kwalliya a 2011. Amma an kashe kimanin dala miliyan 150, abin da aka samu a gidajen sinima bai kai haka ba.

Babban sauyin yana ga uba. A sabon zubin, Sir John da kansa ne kerkeci. An cije shi a Indiya, shi ya kashe matarsa da ɗaya ɗansa, shi kuma ya ciji Lawrence. Fim ɗin ya kai ƙololuwa da faɗan kerketai biyu a cikin gida mai cin wuta, inda ɗa ya hallaka uba, sannan Gwen ta harbe shi da harsashin azurfa. Da wannan sauyi mai kallo ya samu wanda zai tsana, hankalinsa ya kwanta, tunda an san mai laifi kuma ya karɓi sakamakonsa.

A nan ne aka yi asara. Siodmak ya rubuta labarinsa a zamanin da ake farautar mutane saboda asalinsu kawai, don haka bai nema wa la'anar dalili ba. Masu sabon zubin sun ga kamar rashin dalilin giɓi ne, suka cike shi da mugun uba, ba su lura cewa giɓin nan shi ne ran labarin ba. Ɗalibin adabi da ke son sabunta tsohuwar tatsuniya zai amfana idan ya fara tambayar abin da ya tsorata mai labarin na farko, kafin ya soma gyara masa zance.