Waiwaye Adon Tafiya: Kayan Aikinmu A Sabo, Jiya Da Yau

Abin da ya sa muka ɗauko wannan batu a wannan fitowa shi ne wani abu da muka gani da idonmu kwanan baya a bakin titi. Wani yaro ne daga cikin 'yan gwangwan ya turo kurarsa, a ciki ga kan keken ɗinki baƙi irin na da, mai zanen ruwan zinare, an jefa shi tare da tsohon risho da gutsattsarin kwanon rufi, za a kai sikeli a auna a biya kuɗin ƙarfe. Da muka tambaya sai aka ce ai na wani marigayi ne, magada suka rasa mai so a cikinsu. Wannan keke kuwa ya ciyar da gida shekara da shekaru, ya aurar da 'ya'ya. Shi ne muka ga ya kamata mu zauna mu waiwaya, mu ga yadda kayan aiki suka shigo unguwar nan, da yadda iyayenmu suka riƙe su, da kuma inda muka kwana a yau.

Kowa dai ya san cewa fatauci ne ya kawo kakanninmu Kurmi. Jirgin ƙasa ya iso Badun daga Ikko a 1901, ya kai Kano a 1911, daga nan sai harkar goro da ta shanu suka buɗe. Da farko mutanenmu suna zaune ne a cikin gari tare da Yarabawa, sai a 1916 aka ware musu wannan wuri da muke kira Sabo. Kayan aikin mutanen farko ba su da yawa, kuma kusan duk a hannu aka yi su. Mai goro yana da kwando da ganye da igiyar ɗaurin huhu. Mahauci yana da wuƙa da gatari da dutsen wasawa. Wanzami yana da zabira, maƙeri yana da uwar maƙera da zugazugi da awartaki. A cikin gida kuwa turmi ne da taɓarya da dutsen niƙa, da murhu mai duwatsu uku, da randa mai sanyaya ruwa, da fitilar aci-balbal. Babu ko ɗaya a cikin waɗannan da in ya lalace za a rasa mai gyara shi a unguwa. Ƙota ta karye a sake wata, wuƙa ta dakushe a wasa, ƙwarya ta fashe a ɗinke.

Na'urar da ta fara samun gindin zama a wurinmu ita ce keken ɗinki. Keken Singer ne ya yi suna, daga baya Butterfly na ƙasar Sin ya biyo baya da sauƙin kuɗi. Tela ba ya sayen keke sai ya yi shekaru yana tari, ko maigidansa ya tsaya masa a ba shi lamuni, kamar dai yadda masu gida suke tsaya wa mahauta a kara. Saboda haka in keke ya shigo hannu, riƙon ɗa ake yi masa. Kullum da safe a goge shi, a ɗiga masa mai, da yamma a lulluɓe. Tela da kansa yake kwance kwarkwaro ya share, ya ɗaure bel in ya saki, ya daidaita zare in yana tsinkewa. Sai abin ya gagara ake kiran mai gyara. A wannan zamani ne kuma fitilar ƙwai ta kori aci-balbal, kurfoti da risho suka shiga madafa, dutsen guga na gawayi ya zo ya zauna kusa da mabugi.

Bayan keke sai rediyo, kuma mu mazauna Kurmi mun fi kowa sanin darajarsa. Mutumin da ya baro Kano ko Katsina ko Sakkwato, yana kwana yana tashi cikin wani harshe, ranar da ya murɗa akwati ya ji Hausa tana fitowa tas, ai ji yake kamar an kai shi gida. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, gidan rediyon Kaduna kuma a 1962. Da ƙananan rediyo masu batir suka yawaita, sai ya zama kowane shago da kowace majalisa da nata. Daga baya rikoda ta zo, kaset ɗin tafsiri da na su Shata suka riƙa sauka daga Arewa a motocin shanu da na albasa. Talabijin kuwa a garin nan aka fara shi a duk Nijeriya, ranar 31 ga Oktoba 1959, lokacin da gwamnatin Jihar Yamma ta Cif Awolowo ta buɗe tashar WNTV. Amma fa ya daɗe bai shiga gidajenmu ba, saboda tsada, da kuma yadda dattawa da malamai suke ɗari-ɗari da shi. Da yawanmu ta tagar maƙwabta muka fara leƙa shi.

Shekarun 1970 su ne lokacin yalwa. An gama madatsar ruwa ta Kainji a 1968, kuɗin man fetur ya shigo, an canja fam da sule zuwa naira da kwabo a farkon 1973, sannan a 1975 ma'aikata suka karɓi kuɗin Udoji har da na baya. Mu ba ma'aikatan gwamnati ba ne, amma kuɗin da ya shiga aljihun ma'aikaci ai a teburin mai nama da faifan mai goro yake ƙarewa. A lokacin ne alhazanmu suka fara shiga manyan kantuna irin su Kingsway da Leventis da UTC, su sayi fanka ko firiji sabo dal a kwali, da rasit da takardar garanti. Wasu kayan ma, irin firiji Thermocool, a nan ƙasar ake haɗa su. Kafin wannan lokaci, wanda ya mallaki firiji mai aiki da kananzir ana nuna gidansa da yatsa.

A nan ya kamata mu tsaya mu yaba wa iyayenmu mata. Matar Sabo tana cikin kulle, amma ba ta zauna haka nan ba; tun asali tana dafa abincin sayarwa, yara su kai talla. To, da injin markaɗe ya zo, wahalar niƙan wake da tattasai a kan dutse ta ragu, mai ƙosai da mai alala suka ninka abin da suke yi. Da firiji ya zo kuwa, sai ya zama jari: ƙanƙara, zoɓo, kunun aya, fura mai sanyi. Akwai gidaje da yawa a unguwar nan da kuɗin makarantar yara da kayan ɗakin 'yan mata daga cikin firijin uwa suka fito. Galibi da kuɗin adashi aka saye shi, shi ya sa ranar da ya tsaya, gidan kamar an yi rashi.

Sai dai kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, mu kuma kukan gidanmu ciniki ne. Kayan gargajiya muna da masu gyaransu, amma da kayan lantarki suka shigo, sai muka bar gyaransu a hannun wasu. Mai gyaran rediyo, da mai naɗin kwil ɗin fanka, da mai ɗura wa firiji gas, yawancinsu maƙwabtanmu ne Yarabawa na Mokola da kewaye, masu sayar da kayan gyara kuma akasari Ibo. Yarabawa suna da tsari mai kyau: a kai yaro wurin ubangida da yarjejeniya, ya yi shekarunsa, a yi masa bikin yaye, ya buɗe nasa shago, ya shiga ƙungiyar masu sana'arsa. Mun zauna da su lafiya, akwai amana tsakaninmu, har wani ya kan yi maka gyara ya ce ka kawo kuɗi in ka samu. 'Yan kaɗan daga yaranmu sun koya a hannunsu, kuma ba su yi nadama ba. Amma mafi yawan iyaye sun fi son yaro ya tashi daga makarantar allo ya bi maigida kasuwa.

Daga 1982 al'amura suka fara juyawa. Farashin mai ya faɗi, gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kawo matakan tsuke bakin aljihu, aka taƙaita shigo da kaya. A 1986 gwamnatin Janar Babangida ta kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Mu 'yan Sabo ba sai an ba mu labari ba, tunda harkar canji a ƙofar gidanmu ake yin ta. A 1980 dala ɗaya ba ta kai naira ɗaya ba. A 1994 farashin hukuma kansa ya kai kusan naira 22. Sabon kaya ya gagari talaka, manyan kantunan nan suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ya maye gurbinsu shi ne tokumbo, kalmar Yarabanci mai nufin abin da ya tsallako teku, wanda 'yan uwanmu a Arewa suke kira ɗan Kwatano ko Beljiyam. Kasuwar Alaba ta Ikko ta zama uwar wannan harka, daga can ake rarrabawa zuwa Dugbe da Ogunpa. Sayen tokumbo kuwa ilmi ne mai zaman kansa. Akwai wanda za a jona a gwada maka, akwai wanda ake sayarwa ba gwaji a kan araha, in ka dace ka dace, in ba ka dace ba ka rungumi ƙaddara. Mutum mai hankali ba ya zuwa sai da mai gyaransa, ya saurari ƙarar injin firiji, ya taɓa bayansa ya ji ko yana ɗaukar zafi. Da yawa sun koyi darasi da kayan Amurka, waɗanda aka yi su don wuta mai ƙarfin 120, tamu kuwa 230 ce. Ka jona ba tiransifoma, sai hayaƙi. Ga shi kuma wutar kanta ta koma yau akwai gobe babu, sai da sitabilaiza da janareta suka zama dole. Amma duk da wahalar, wannan ne zamanin da mai gyara ya fi daraja. Ba a yar da komai. Mataccen rediyo biyu a haɗa su a tayar da ɗaya.

Daga wajen shekarar 2000 sai kayan ƙasar Sin masu araha suka cika kasuwa, wayar salula kuma ta iso a 2001. Ba mu ce duk kayan Sin ba su da kyau ba, akwai mai aminci ga wanda zai biya. Sai dai mai arahar ne ya fi zuwa mana, kuma masu iya magana sun ce araha ba ta ado. Tocila da fanka da dutsen guga na roba ne, wasu a liƙe suke, ba wurin sa sukundireba. Talabijin na bango in gilashinsa ya fashe, kuɗin gyara ya kusa kuɗin sabo. Tsohon firiji ma ya shiga uku, domin gas ɗin da aka yi shi da shi, wato R12, ƙasashen duniya sun yi yarjejeniya a 1987 a daina shi saboda illarsa ga sararin sama, kuma wa'adin ƙasashe irin tamu ya cika a 2010. A haka muka saba da cewa in abu ya lalace a yar a sayi wani. Masu gyara da yawa suka rufe shago suka hau babur.

To, yanzu ga shi zamani ya sake juyawa. An cire tallafin mai a watan Mayu 2023, a 2024 kuma dala ta haura naira 1,500. Abin da muke yarwa jiya, yau muna neman mai gyara shi ruwa a jallo, ga tsofaffin gwanaye sun ƙare, sai masu gyaran gangar Auzinawa. Abin da ya fi ba mu takaici shi ne, yaran da suke bi gida gida suna sayen matattun kaya da kilo, 'ya'yanmu ne Hausawa. Neman halak suke yi, ba mu raina musu ba. Amma yaron da ya iya farke injin fanka ya ciro jan ƙarfen da ke ciki, in da an koya masa, ai shi ne zai naɗa shi ya karɓi ladan gyara.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙungiyarmu da masu unguwanni da iyaye. Na farko, a bi a san sauran masu sana'ar hannu da suka rage mana, teloli da kafintoci da masu walda da masu gyaran lantarki, a haɗa kowannensu da yaro ko biyu. Na biyu, a nemi iyayen gida nagari cikin maƙwabtanmu a kai yara koyon gyaran firiji da waya da haɗa sola, ƙungiya ta tsaya musu kamar yadda masu gida suke tsaya wa baƙo a da. Na uku, in mai sana'a ya rasu, kada magada su yi gaggawar kai kayan aikinsa sikeli; a yi musu kuɗi na gaskiya a sayar wa mai koyo, ko da biya kaɗan-kaɗan ne, magada su sami haƙƙinsu, sana'a kuma ta ci gaba. Mai shirin sayen kaya kuma, kafin ya tambayi farashi, ya fara tambaya ko ana samun kayan gyaransa a Ogunpa, kuma wa zai gyara masa.

Keken nan da muka gani a kura, mun bi yaron mun fanshe shi a kan abin da sikeli ya nuna. Wani dattijon tela ya wanke shi da kananzir, ya sa masa mai da sabuwar allura, ga shi nan yana ɗinki. Yanzu yaron da zai hau shi muke nema. Duk mai ɗa ko ƙane da yake so ya koya, ya sanar da sakataren ƙungiya. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa albarka a sana'o'inmu, ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.