Daga Wuri Zuwa Naira: Abin Da Na Tarar A Adakar Kakana

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau shi ne wata tsohuwar adaka da muka buɗe bayan rasuwar kakana, Allah Ya jiƙansa, wanda fataucin shanu ya kawo shi garin nan daga ƙasar Katsina. A ciki mun tarar da wuri cikin ƙunshin tsumma, da anini da kwabo masu huji, da dala guda biyu, sai kuma damin takardun naira waɗanda ko goro ba za su saya ba a yau.

Mubi ta ga kuɗi iri-iri. Ta zauna ƙarƙashin Jamus, sannan Ingila, sai a 1961 aka yi ƙuri'ar raba gardama ta shigo Najeriya. Turawan Ingila ne suka kashe wuri, domin sun ce haraji sai da kuɗinsu, wato su anini da sisi da sule da fam. A 1959 Babban Bankin Najeriya ya fito da nasa kuɗin, aka canza takardu a 1968 lokacin yaƙin basasa, ranar 1 ga Janairun 1973 kuma naira da kwabo suka maye gurbin fam da sule, fam ɗaya naira biyu.

Damin nan kuwa na 1984 ne. A watan Afrilun shekarar gwamnatin soja ta Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, ta rufe iyakoki, ta ba da kwanaki ƙalilan a kai tsofaffi banki. Baba ya ce a lokacin kakana yana ƙetare, cikin Kamaru, da kuɗin shanu ɗaure a ƙugunsa, ga shi mutum ne da bai yarda da banki ba. Kafin ya samu hanyar dawowa wa'adi ya cika. Rabin jarinsa ke nan, kuma har ya koma ga Allah bai iya zubar da su ba. Ni ban gane zafin abin ba sai a farkon 2023, da na ga masu shanu a Tike suna rasa mai biya saboda ƙarancin sababbin takardun 200 da 500 da 1,000, kafin Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin.

To, wani abin mamaki, kuɗin da gwamnati ta kashe yakan samu wata kasuwa wajen masu tara kayan tarihi. Su ƙarancin abu da lafiyarsa suke dubawa, ba tsufa kawai ba. Aninin 1907 da gorar ruwa aka yi shi, yana cikin kuɗin farko a duniya da aka buga da wannan ƙarfe. Akwai kuma masu huji na 1936 ɗauke da sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila kafin ya shekara. Dala kuwa a yi hattara, 1780 da ke jikinta ba shaidar tsufa ba ce, don an ci gaba da buga ta da wannan shekarar har zamaninmu. Darajarta azurfar jikinta ce, shi ya sa maƙera suka narkar da ita da yawa suka yi mundaye.

Shawarata ga 'yan uwa, wanda ya gaji irin waɗannan kada ya kankare su da toka ko yashi, domin gogewa na rage musu daraja, kuma kada a sayar wa 'yan gwangwan da awo. Mu dai mun yanke shawara ba za mu sayar ba. Baba ya raba mana, ni na zaɓi takarda ɗaya daga damin nan na 1984, tana cikin aljihun teburin shagonmu.