Daga Bakin Kwara Zuwa Bakin Teku: Yadda Tsofaffin Malanville Suka Fara Ziyarar Kwatano

Malanville tana ƙuryar arewa maso gabashin Jamhuriyar Benin, cikin jihar Alibori, a inda kogin Sota yake zubawa cikin Kwara. A ɗaya gaɓar akwai Gaya ta ƙasar Nijar. Tsakaninta da Kwatano, babban birnin kasuwancin ƙasar, tafiyar kilomita 730 ce da 'yan kai a kan babbar hanyar da ta bi ta Kandi, Bembereke, Paraku, Save, Dasa da Bohikon. A yau idan hutun ƙarshen shekara ya kama, ana ganin dattawa maza da mata a tashar mota, kowanne da jikansa baligi riƙe da jaka da tikiti, za su kudu ganin birni. Al'adar ba ta daɗe ba. Sai da aka samu jirgin ƙasa, da gada, da kwalta, da jikokin da suka yi boko, sannan ta yiwu.

Shi kansa garin yaro ne idan aka jera shi da Gaya ko Kandi. Tsohon sunan wurin Tassi, kuma Faransawa suka sauya masa suna don tunawa da Henri Malan, wanda ya yi gwamnan Dahome, wato Benin ta yau, a wajajen 1910. Dendawa ne masu ƙasa, harshensu ɗan'uwan Zabarmanci ne, sannan ga Fulani makiyaya, ga Zabarmawa, ga Hausawan da fatauci ya kawo daga Kabi, Sakkwato, Arewa da Dogon Dutsi. Ƙidayar 2013 ta nuna mutanen gundumar sun haura 160,000.

Kafin zuwan Turawa, idon matafiyin wannan yanki ba ya kallon teku. Hanyar arziki ita ce ta Gwanja. Ayarin fatake yakan taso daga Kano ko Sakkwato da jakuna ɗauke da kanwa, tufafin saƙi, baƙin rini da fatu, ya ƙetare Kwara ta Yawuri, ko Illo, ko Gaya, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Kandi, ya yada zango a Paraku da Jugu, har ya isa Salaga inda ake sayen goro. Madugu ne shugaba, jagaba yana gaba, uban dawaki yana kula da kuɗin fito da sarakunan hanya suke karɓa. Zuwa da dawowa yakan ci watanni, wani lokaci ya kusa shekara. Tafiya ce ta masu ƙarfi a jika. Wanda ya tsufa yakan ajiye sanda ya tura ɗa ko bara, shi kuma ya zauna a zaure yana jiran labari da tsaraba. A wancan tsari matashi ne ke zuwa wurin tsoho, musamman da salla.

Abubuwa uku suka karya hanyar Gwanja cikin ɗan lokaci kaɗan. Yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga a 1892. Faransa ta ci masarautar Dahome a 1894 ta miƙe arewa, tana tsere da Ingila a kan Nikki. Yarjejeniyar da ƙasashen biyu suka ƙulla a 1898 ta raba Bargu gida biyu, Illo ta faɗa hannun Ingila, Gaya ta faɗa hannun Faransa. Daga nan harkar saye da sayarwa ta juya daga gabas da yamma ta koma arewa da kudu, domin mai mulki yana son kaya su gangara tashar jirgin ruwansa. Hausawa suka bi kaya. A Kwatano suka kafa unguwar Zango, wadda har yanzu take da babban masallacinta, kuma ita ce masaukin farko na baƙon da ya fito daga arewa.

Layin dogo da aka fara daga bakin teku a farkon ƙarni na 20 ya isa Paraku a 1936, bayan kilomita 438, ya tsaya cik. An yi ta maganar ƙarasa shi zuwa bakin Kwara, har zuwa Yamai, amma bai taɓa isa Malanville ba. Wannan giɓi na kilomita 300 da wani abu shi ya raya garin, saboda dole a sauke kaya daga jirgi a Paraku a ɗora wa manyan motoci, su kuma dole su tsaya a bakin kogi jiran jirgin fito da ma'aikatan duwan, wato kwastan. Inda mota ta kwana, nan mai tuwo da mai shayi da dillali suke kafa rumfa. A farkon shekarun 1950 Faransawa suka ƙirƙiro shirin da suka kira Hirondelle, don gyaɗar Nijar ta daina bi ta Kano zuwa Ikko, ta koma bi ta Paraku zuwa Kwatano, motocin kuma su hau da kayan shigowa. An gama gadar Gaya da Malanville a 1958. A 1959 aka kafa hukumar sufuri ta haɗin gwiwar Dahome da Nijar, OCDN, wadda ta koma OCBN bayan da gwamnatin Mathieu Kérékou ta sauya wa ƙasar suna zuwa Benin a 1975. Sabuwar tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta fara aiki a 1965, ta zama ƙofar Nijar zuwa teku. Kasuwar Malanville, mai cika a ƙarshen mako, ta bunƙasa har ana lissafa ta ta biyu a ƙasar bayan Dantokpa ta Kwatano, da albasarta da shinkafar fadamarta da hatsin da ke haurawa Nijar.

Duk da haka tafiyar ba ta tsoho ba ce a wancan zamani. Mutum zai hau saman kaya a bayan babbar mota, ya sha ƙura da rana har Paraku, ya kwana a tasha, sannan ya shiga jirgi ya yini ko ya kwana a ciki. Masu yin ta su ne 'yan kasuwa, da masu rakiyar shanu da tumaki, da sojoji, da 'yan ci-rani. Dattijon da ya ga Kwatano a lokacin galibi aikin hajji ne ya kai shi filin jirgin sama na Kajehun, ko ciwon da ya gagari asibitin arewa. Iyaka ma ba kullum take buɗe ba. A ƙarshen 1963 rigimar mallakar tsibirin Lete tsakanin ƙasashen biyu ta yi zafi, Nijar ta kori ma'aikata 'yan Dahome, Dahome ta tare kayan Nijar. Ba a kashe wannan magana ba sai ranar 12 ga Yuli 2005, da Kotun Duniya ta ba Nijar tsibirin, ta kuma fayyace inda iyaka ta bi a kan gadojin da ke tsakanin garuruwan biyu.

Abin da ya kawo sauyi na gaske shi ne lakwal, wato makarantar boko. Turawan mulki sun cika kudu da makarantu, arewa kuwa ta samu kaɗan, ga kuma iyaye da yawa da suka fi amincewa da makarantar allo. 'Ya'yan masu kasuwar Malanville na farko sun gaji rumfa da mota. Jikoki ne suka yi nisa a karatu. An buɗe jami'ar ƙasar a 1970, wadda yanzu ake kira Jami'ar Abomey-Calavi, a gefen Kwatano, sannan ta Paraku a 2001. Wasu suka zama malamai, ma'aikatan jinya, jandarmomi ko ma'aikatan duwan. Wasu suka shiga fiton kaya a tashar jiragen ruwa, ko cinikin tsofaffin motocin Turai da ake turawa Nijar da Najeriya. Suka kama haya, suka yi aure, suka samu ɗakin da za a sauki baƙo. A daidai wannan lokaci jirgin fasinja ya yi ta ja da baya har ya daina aiki kafin 2010, manyan motocin safa masu kujera da lamba suka maye gurbinsa. Tafiyar da a da take cin kwanaki ta koma ta yini guda, daga asuba zuwa dare.

Iyalan Malanville suna rayuwa ne da kalanda biyu, kuma kowacce tana jan mutane ta nata ɓangaren. Ƙaramar salla da babbar salla suna jan su arewa. Raguna suna gangarawa kudu daga Nijar da kasuwannin dabbobi irin na Gene, mutane kuma suna haurawa gida, domin babu dattijon da zai yarda ya bar ƙofar gidansa ranar da ake zuwa yi masa barka da salla. Haka ma bikin Gani na Nikki, da ake yi a watan Mauludi. Hutun gwamnati kuwa, wanda aka gada daga Faransa, yana faɗowa ne a ƙarshen Disamba zuwa farkon Janairu, sai kuma dogon hutun makaranta na damina. Damina lokacin gona ne, ba a tashi. Ƙarshen shekara ya fi dacewa ta kowace fuska. An gama girbi, akwai ɗan kuɗi a hannu, ofisoshi da makarantu sun saki jikoki, hunturu yana kaɗawa a bakin Kwara, sanyin da tsofaffi ba sa so, alhali bakin teku da ɗumi. Kirsimeti ba bikinsu ba ne, amma hutunsa na kowa ne.

Dalilin da ya sa jika ne ɗan rakiya, ba ɗa ba, yana cikin tarbiyyar gida. Tsakanin iyaye da 'ya'ya akwai kunya, ta fi tsanani a kan ɗan fari, wanda uwa ba ta ko kiran sunansa. Da wuya uba ya ce wa ɗansa ya gaji, ko yana tsoron tsallaka titi, ko yana son ya ga teku don marmari kawai. Tsakanin kaka da jika kuwa wasa ne. Tsohuwa tana kiran jikanta namiji maigida ko ango, ta kira ta macen kishiya. Tsoho yana kiran jikarsa amarya. A ƙarƙashin wannan wasa jika yana iya cewa, "Kaka, riƙe ni da kyau, kada ki ba ni kunya a garin mutane," ita kuma ta rama da cewa angon da bai iya cefane ba ba ya yi wa uwargida tsawa. Umarni ya wuce, girma bai zube ba. Ga kuma buƙatar tafinta: Hausa da Dendanci suna kai mutum har Paraku da Zangon Kwatano, amma a asibiti da ofis sai Faransanci, a cikin kasuwa sai harshen Fon. Jika ne mai karanta takardar likita, mai ciniki da 'yan zemijan, masu babur ɗin haya sanye da riguna rawaya, irin waɗanda a Gaya ake kira kabu-kabu.

Ziyarar tana da tsarinta, kuma ba safai take fara da kallo ba. Farko gaisuwa. Ana kai tsoho Zango ya yi sallar Juma'a, ya nemi 'yan garinsu da zuriyar tsoffin masu masaukin mahaifinsa, ya yi ta'aziyyar waɗanda suka rasu tun bara. Na biyu likita, domin iyalai da yawa suna haɗa hutun da awon ido, hawan jini ko ciwon suga, wani lokaci a babban asibitin koyarwa mai sunan Hubert Maga, shugaban ƙasar na farko, haifaffen Paraku. Sai na uku Dantokpa, a bakin mashigin ruwan da ya raba birnin biyu, inda tsohuwar da ta yi shekaru tana sayar da albasa take ganin inda buhunan garinsu suke ƙarewa, da kuma farashin da ake sa musu. Nan ake sayen atamfa, turare da kwanukan tsaraba.

Bayan an sauke waɗannan nauye-nauye ne jikoki suke samun damar nuna birnin yadda su suke ganinsa. Akan je bakin teku a Fijirose. Mutumin da ya girma a bakin Kwara ba baƙon ruwa ba ne, ya san kwalekwale da taru, amma ruwan da ba a hango gaɓarsa ta biyu wani abu ne dabam. Akan bi ta dandalin Etoile Rouge, da mutum-mutumin jarumar Dahome mai tsawon mita 30 da aka ƙaddamar ranar 30 ga Yuli 2022, ko da yake ba kowane malami ne yake sha'awar tsayawa gaban gunki a ɗauke shi hoto ba. Masu ƙarfin hali sukan shiga jirgin ruwa zuwa Ganvie, garin da aka gina kan turaku a tafkin Nokwe. Yawancin baƙin arewa sukan kama hanyar gida kafin bikin addinin gargajiya na Vodun na watan Janairu, wanda ya fi armashi a Wida, domin hutun jikokin ya riga ya ƙare.

Ba 'yan Malanville kaɗai ke bin wannan hanya ba. Gidaje da yawa rabi suna Gaya rabi suna wannan gaɓar, kuma motocin safa na Yamai da Doso sun daɗe suna ratsa gadar zuwa Kwatano da Lome. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023 ya katse wannan zirga-zirga. ECOWAS ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe gadar, ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanville har kaya suka lalace. Da aka ɗage takunkumin a Fabrairun 2024 Benin ta buɗe nata ɓangaren, Nijar kuwa ta bar nata a toshe bisa dalilin tsaro. Fasinjoji suka koma fito da kwalekwale kamar kafin 1958: mota ta sauke su a wannan gaɓa, su ƙetare da kayansu, wata ta ɗauke su a waccan. Ga tsohon da ke Gaya, wannan ya ƙara kuɗin fito, da hawa da saukar gangaren kogi, da haɗarin ruwa a watannin Disamba da Janairu, lokacin da Kwara take cike da ruwan da ya gangaro daga Mali.